Kada Ya Kai Baki

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikinki. Mu ma nan lafiya lau, sai dai Mama da ƙafarta ke ɗan damunta idan an yi ruwa.

Ba lalle ki gane ni ba. Ni ce 'yar mai fenti, wadda ake ce wa Shiru. Kakar Baba da kakarki uwarsu ɗaya, haka Mama ta lissafa mini da yatsu har sau biyu. Kin taɓa zuwa gidanmu ina shekara shida, kika miƙo mini alewa, na gudu bayan ƙofa ban karɓa ba. Ki yafe mini wannan. Na tambayi yadda zan kira ki, Mama ta ce Anti, Baba ya ce in rubuta Sarauniyar Tsakuwa, wai za ki gane. Ni dai na zaɓi Goggo.

Baba ne ya sa ni rubutun. Ya ce shi hannunsa na burushi ne ba na biro ba, ni kuma tun da na gama firamare bara ina zaune ba aikin fari balle na baƙi. Yana tsaye a kaina yanzu haka yana cewa in rubuta ki daina ƙirga tsakuwa ki yi wa dangi amfani. Ban so rubutawa ba, ya ce sai na rubuta. Kin san shi, in yana dariya daga bakin titi ake ji.

Ga abin da ya faru. An ba shi aikin ƙofofi goma sha biyu na wani tsohon ɗakin taro. Ƙofofin katako ne, da furanni a sassaƙe a jikinsu, kowane fure da siririn layin ruwan zinariya a gefensa. Mai ginin ya ce jan da ke jikinsu tun asali yake so. Baba ya gwada duk jan da ke kanti, ya ce duk jan tumatir ne. Sai wani abokinsa mai haƙa rijiya ya kawo masa buhun wani jan dutse da ya ci karo da shi a ƙasa. Dutsen nauyi gare shi, ɗan dunƙule ma sai ki ji kamar ƙarfe kika ɗauka. Baba ya daka, ya niƙa, ya wanke, ya tace, ya haɗa da mai. Ya yi ƙofa biyu. Da mai ginin ya zo, ya tsaya ya duba su da kyau, ya ce, "Shi ne."

To damina ce, garin dutsen ba ya bushewa. Ranar Laraba Baba ya zuba shi a tsohon kaskon ƙarfe, ya ɗora a murhun gawayi a ɗakin aikinsa, wai ya ɗan sha zafi. Maƙwabcinmu tela ya kira shi, suka tsaya hira. Da ya dawo ya tarar garin ya yi baƙi ƙirin kamar gawayin da ke ƙarƙashinsa. Fiye da rabin buhun ne. Mai rijiya ya ce babu wani, an riga an zuba siminti a rijiyar.

Baba ya ce a tambaye ki, tunda aikinki gwada duwatsu ne: ƙonewa ya yi? Kuma da yadda za a yi ya dawo ja? Na sa ƙunshi biyu a cikin ambulan, ɗaya ja ɗaya baƙi. Na naɗe su da kyau kada su ɓata takardar.

Ki yi haƙuri da rubutuna, ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba.

'Yarki,
Shiru

*

Shiru 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, na ji dadi kwarai. Na tuna ki sarai, ke da alewar da kika ki karba. Lafiyata kalau. Ki gaida Mamanki da kafa. Ki ce wa mai surutun nan Sarauniya ta amsa kiransa.

Ki yi hakuri da tafiretar ofis, ba ta da haruffan nan namu masu kugiya, kuma ba ni da lokacin bi da biro in gyara. Gobe da safe motarmu za ta tashi zuwa aikin daji, sai bayan sati shida.

Na sa kunshin biyu a na'ura. Bai kone ba. Jan da bakin abu daya ne, zaiba ce hade da farar wuta. Jeri ne kawai ya canza. Ki dauka 'yan ajinku ne a filin makaranta. A cikin jan, kwayoyin sun rike hannun juna sun yi dogayen layuka masu murdewa kamar igiya. Idan zafi ya wuce digiri dari uku da arba'in (ruwa a dari yake tafasa, ki gani), sai su saki layin, kowace ta kama hudu na kusa da ita, su tsaya kamar an jera akwatuna. Yaran dai su ne, tsayuwar ce daban, shi ya sa ido yake ganin wani launi. Idan ya huce a hankali yakan koma ja. Amma idan da dan karfe a cikinsa sai ya makale a haka. Naku yana da karfe kadan.

Yanzu ki saurara da kyau. Akwai guba a dutsen nan. Hadarin duk yana wajen baki. Kada ku bari ya kai baki. In ya kai baki, gubar ta samu hanya ke nan. Ki gaya masa da babbar murya, na san kunnensa.

Rubutunki yana da kyau. Ki ci gaba da rubuto mini.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na gode ƙwarai da amsa. Ina fatan aikin daji yana tafiya daidai, ba cizon sauro ba ciwon baya. Mu lafiya, ƙafar Mama da sauƙi. Na san ba kya nan, amma na ce bari in rubuta ki tarar.

Na karanta musu takardarki a tsakar gida, ina karantawa ina sa wa haruffan ƙugiya da kaina. Da na zo wajen hadari, sai Baba ya ɗaga kai ya duba sama ya ce, "Maza a kwashe shanya!" Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wai kin yi karatu mai zurfi har ƙa da ɗa sun nutse a ciki. Misalin 'yan aji kuwa sau biyu ya sa na maimaita. Ya ce ashe dutse ma yana da malamin layi.

Maganar baki mun riƙe ta sosai. Ban iya babbar murya ba, amma na karanta layin sau uku. Na fitar da kofin shayinsa daga ɗakin aiki. Na ajiye kwano da sabulu a bakin ƙofa, ba ya taɓa abinci sai ya wanke hannu ina kallo. Yana da halin riƙe ƙaramin burushi da haƙora idan hannunsa biyu na aiki, yanzu na ɗaura masa igiya yana rataye shi a wuya. Mama ta ɗinka masa ƙyalle yana rufe baki. Tela ya ce ya yi kama da ɓarawon da ya manta hanya. In sha Allah ko ƙwaya ɗaya ba za ta kai bakinsa ba.

Abin da ya fi faranta masa shi ne inda kika ce idan ya huce a hankali yakan koma ja. Ya jefar da kaskon ƙarfe tunda kin ce ƙarfe ne ke maƙale shi, ya samo tukunyar ƙasa mai murfi. Yana zuba baƙin garin kaɗan kaɗan, ya hura wuta sosai, sannan ya riƙa rage gawayin ɗaya bayan ɗaya. Yana rufe taga da ƙofa, har tsumma yake cusawa a ƙarƙashin ƙofar, don kada iska ta sa ya huce da sauri. Shi yana ciki yana gadi, tun bayan karin kumallo har azahar. Ni ba ya bari in shiga, wai buɗe ƙofa yana ɓata masa lissafi.

Goggo, abin ya yi! Ba duka ba. Na ƙasan tukunyar yana nan baƙi, na gefe ya yi ruwan ƙasa. Amma a jikin murfin ta ciki wani ja yana taruwa siriri, Baba yana kankarowa da wuƙa. Ya ce ya ma fi na farkon kyau. Kaɗan ne yake fitowa, sai an yi wuta uku kafin a samu na rabin ƙofa. Yanzu an gama ƙofa biyar.

Akwai wani abu kuma mai kyau. A murfin, wasu 'yan ƙwallaye suna fitowa kamar ruwan azurfa. Idan na taɓa su da tsinke sai su gudu, idan biyu suka haɗu sai su zama ɗaya. Ina tara su a kwalbar magani. Ko su ne zaibar da kika ce? Ban kai su kusa da baki ba. Idan kina so in aiko miki.

Ɗakin yana warin ashana idan an buɗe, Baba yana ɗan tari, ya ce hayaƙin gawayi ne.

Ya ce in gaya miki idan an gama zai rubuta sunanki a bayan ƙofa ta sha biyu, inda ba mai gani.

'Yarki,
Shiru

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni da Mama lafiya. Baba ne ba lafiya.

Na ƙirga, sati shidan ya cika ranar Litinin da ta wuce. Kullum ina zuwa gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya gane ni, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Wannan takardar ba Baba ne ya sa ni ba. Bai san ina rubutawa ba.

Goggo, ina jin ya kai baki. Ban san ta ina ba. Dasashinsa ya kumbura, idan ya goge haƙori jini ne. Yawu yana zubo masa, da safe matashinsa a jiƙe. Ya ce bakinsa kamar ya kwana yana tsotsar makulli. Na zauna na yi ta tunani ko ranar da na je aike ne ya ci biredi bai wanke hannu ba, ko ƙarƙashin farcensa ne. Na yanke masa farce. Na wanke kofinsa da toka, na sake wankewa da ruwan zafi. Mama ta ɗinka ƙyalle mai ninki uku. Abin sai ƙaruwa yake yi.

Hannunsa yana rawa. Da farko sai ya ɗauki kofi ake gani. Yanzu layin zinariyar nan na gefen fure, wanda yake ja da numfashi ɗaya yana hira, ya kasa. Fure ɗaya ya goge sau huɗu. Na gan shi ta taga ya riƙe hannun dama da na hagu, duka biyun suna rawa tare. Da ya ga ina kallo sai ya ja labule.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba hannun ba ne. Baba ya daina magana. Tela ya zo hira, ya ce a ce yana barci. Ranar Asabar mai ginin ya zo ganin aiki, Baba na jin muryarsa sai ya shige bayan ƙofa, ya yi mini raɗa, "Ki ce ba na nan." Goshinsa duk zufa. Na fita na tsaya gaban mutumin, na ce, "Ba ya nan." Ya yi mini tambayoyi da yawa, ni dai ƙasa nake kallo. Da na dawo Baba yana nan inda na bar shi. Na san wannan tsayuwar, Goggo, tawa ce. Ban taɓa zaton zan gan ta a jikinsa ba.

Shekaranjiya cokali ya faɗi daga hannun Mama, ya daka mata tsawar da ban taɓa ji ba. Can kuma sai ga shi yana hawaye yana ba ta haƙuri. Mama ta ce, "Baban Shiru, wai me ya shiga tsakaninka da kanka?" Ya ce shi ma bai sani ba.

Mun kai shi ƙaramin asibitin ƙarshen layinmu. Mai dubawa ya haska bakinsa, ya ce gajiya ce da ciwon dasashi, ya ba da ruwan kurkure baki da ƙwayoyi. Ina tsaye a wajen. Maganar dutsen tana nan a raina, na buɗe baki sau biyu, ba ta fito ba. Ya ce, "Na gaba." Muka fito. Tun ranar nake jin haushin kaina.

Yanzu da yake ba ya son ganin mutane, ɗakin aikin ne wajen ɓuyarsa. Har la'asar yake kaiwa a ciki da tukunyar. Ya ce can ne kawai ba mai kallonsa. An gama ƙofa takwas, amma babu zinariya a uku.

Don Allah ki gaya mini me ake yi idan ya riga ya kai baki. Akwai abin da zan ba shi ya sha? Madara? Ko da layi ɗaya ne ki rubuto. Ban san wanda zan tambaya ba sai ke.

'Yarki,
Shiru

*

Shiru,

Wa alaikumus salam. Wannan da biro nake rubuta ta. Lafiyata ƙalau, kada ki damu da ni. Ruwa ya cinye mana hanya, muka ƙara sati biyu a daji. Yau na dawo na tarar da takardunki biyu a kan tebur. Na karanta ta farko a tsaye, ta biyu sai da na zauna a ƙasa.

Baƙi, Shiru. Baƙi nake nufi, launi, da ƙa mai ƙugiya. Kada ku bari garin ya kai ga yin baƙi, wato kada a ɗora shi a wuta. Abin da na so in ce ke nan, kuma ban ce ba. Na rubuta kamar ina yi wa abokan aikina bayani, na bar tafireta ta cinye mini harafi ɗaya, na kuma ba Babanki hanyar dawo da ja ban ce kada ya bi ta ba. Ke kin karanta abin da ke kan takarda daidai. Ko ni aka miƙo wa, baki zan karanta. Laifin nawa ne, ki ajiye shi nan wajena.

Ki fahimci wannan. Muddin dutsen yana a sanyi, farar wuta tana riƙe da zaibar gam. Zafin da ke canza musu jeri, idan ya haɗu da iska, shi ne kuma ke raba su. Farar wutar ita ce warin ashanar da kike ji. Zaibar kuma tana tashi kamar tururi, ba launi ba wari, ta bi ta hanci ta shiga huhu, daga nan ta hau kai. Ƙyalle ko ninki goma ne ba ya tare ta. Ciwon bakin, da rawar hannun, da gudun mutanen, duk aikinta ne. Ba halinsa ba ne ya canza.

Ki yi waɗannan da zarar kin karanta. A kashe wutar, a janye gawayin, kada a zuba wa tukunyar ruwa tana da zafi. A buɗe taga da ƙofa a bar su a buɗe. Kowa ya fita, kada a sake zama a ɗakin. Kada ki yi shara a ciki, tsintsiya farfasa ƙwallayen take yi. Kwalbarki ki zuba ruwa ya rufe su, ki toshe ta sosai, ki ajiye a waje cikin inuwa. Kayan da yake aiki da su a ɗaure a leda. Sannan ku tafi babban asibiti, ba na layinku ba, ku ukun duka a duba ku. Na sa wata takarda a ciki don likita. Ba sai kin ce komai ba, miƙa masa kawai za ki yi.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai maganin da ke fitar da ita daga jiki. Baki yakan warke. Hannu wani ya dawo, wani ya dawo rabi, wani bai dawo ba. Ba wanda zai iya gaya miki yanzu.

Na nemi hutu sau biyu yau. Shugabanmu ya ce sai an gama gwada duwatsun da muka kwaso, wata guda ko fiye. Na yi takardar nan kwafi biyu, ɗaya ta gidan waya, ɗaya na ba wani direban babbar mota da ya ce zai bi ta wajenku. Ko wacce ta riga, kwana tara ne aƙalla. Kuma na san a kowace rana cikin taran nan yana hura wutar, ni ina nan ina kallon na'ura.

Ki ce masa ni ce na ce ya bari. In ya ƙi, ki karanta masa wannan duka.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ni da Mama an duba mu, likita ya ce tamu kaɗan ce, za ta fita da kanta. Baba yana gida.

Ta direban ce ta riga zuwa, ranar kwana na goma sha ɗaya. Motarsa ce ta lalace a hanya. Ya kawo ta da hantsi, wutar tana ci. Na karanta a bakin ƙofar gida, na kai wajen baƙi, sai na nufi ɗakin aikin da gudu. Mama ta tafi kasuwa, ba kowa.

Ban ƙwanƙwasa ba. Na tura ƙofar da kafaɗa, tsumman ya maƙale, na sake turawa. Na wuce shi na buɗe tagar, na ɗauki awartakin gawayi na fara janyewa. Ya ce, "Ke! Kin haukace? Saura kaɗan ya huce!" Ya kama hannuna, amma hannunsa ba ya riƙe abu. Na ja shi waje. Ban taɓa jan babba ba. A tsakar gida na karanta masa takardar duka, ina kuka ina karantawa, har tela ya leƙo ta katanga.

Da na gama ya kalli ƙofar ɗakin. Ya ce, "Wa ya ce baki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ita ta rubuta, ke kika karanta, ni na hura wuta. Mu uku ba mai hankali." Sai ya zauna a kan bokiti. A nan Mama ta dawo ta same shi.

Kin ce in ajiye laifin wajenki. Na gwada, ba ya zama. Na sa ƙugiya a kowace kalma ta takardar nan, har wadda Baba ya yi wasa da ita, sai guda ɗaya.

A babban asibiti mun yi layi tun safe har azahar. Baba ya rufe fuska da hula don kada a kalle shi. Na miƙa takardarki kamar yadda kika ce. Likitar mace ce, ta karanta, ta cire gilashi, ta kira wani likitan. Sun sa Baba ya taɓa hancinsa da yatsa, ya taɓa kunci. Sun ce ya ja layi a takarda, layin ya fito kamar haƙoran zarto. An ɗibi jini da fitsari. Bayan kwana biyar suka ce zaibar tana da yawa. Maganin da kika ce babu shi a asibitin, an rubuta a aiko. Mun koma sau uku, bai zo ba. Likitar ta ce ko ya zo, sai an yi wata uku kafin a san zancen hannun. Mama ta ce, "To kafin nan me za mu yi?" Ta ce, "Ku jira, kuma kada ya koma ɗakin."

Ɗakin yana nan a buɗe, ba mai shiga. Idan rana ta faɗo ciki ina hango 'yan ƙwallayen suna ƙyalli a tsagar siminti. Na tambayi asibiti wa ke kwashe irin wannan, suka tura ni wani ofis, ofishin ya ce ba aikinsu ba ne.

Mai ginin ya aiko mota an kwashe ƙofofin. Tara aka gama. Sauran ukun an ba wani mai fenti, da fentin gwangwani zai yi. Baba bai fito ba lokacin da ake lodi, yana ɗaki yana ji.

Bakinsa ya ɗan yi sauƙi, yana cin abinci mai laushi. Maɓallin riga Mama ce ke sa masa.

Jiya matar tela ta kawo wata 'yar kujera ta jikarta, wai a shafa mata shuɗi da farin layi a gefe. Na san tausayi ne ya kawo ta, kujerar ba abin da ya same ta. Mama za ta ce a'a, Baba ya ce daga ɗaki a ajiye. Da la'asar ya fito tsakar gida, ya sa na sayo ƙaramin gwangwani da sabon burushi. Ya ce, "Zauna. Riƙe."

Na shafa shuɗin na gama. Da na zo farin layin sai na ji daga bayana, "Karkatacce ne! Layi kike ja ko macijiya kike bi? Ɗauke numfashi tukuna!" Da ƙarfi, Goggo, har tela ya amsa daga can ya ce, "A'a, an dawo ke nan?" Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya.

Ya ce, "Kawo in nuna miki." Na ba shi. Ya tsoma burushin, ya kai kusa da katakon. Muna kallo. Bakin burushin yana ta kaɗawa, bai taɓa kujerar ba. Farin ya ɗiga a ƙasa, ɗigo uku. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo da ƙotar wajena.

Ya ce, "Goge ki sake."

Na sake sau biyar. Na biyar ɗin ma ya ce karkatacce ne, amma a bar shi. Gobe za mu yi ƙafafun baya.

Ranar Alhamis zan koma asibiti in tambayi maganin. Idan akwai shi a wajenku, ki rubuto mini sunansa da manyan haruffa, da biro.

'Yarki,
Shiru